Ranar da Na Sace Motar Autata

Sau ɗaya tak na taɓa satar mota a rayuwata, shi ma mai motar ce ta zauna a gabana ta roƙe ni in sace. Na fara da wannan bayani ne saboda mutanen garinmu, don har yau idan na ratsa ta bakin kasuwa akwai masu ɗaga murya su ce, "Ɓarawon mota, an tashi lafiya?" ni kuma in amsa musu da fara'a, kamar wata sarauta aka naɗa mini.

Sana'ata wayarin ɗin mota. Shekara arba'in da ɗoriya na yi a wata rumfa kusa da tashar Daura, kaina a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafuna a waje. Akwai direbobin da ba sa gane ni a hanya sai sun kalli ƙafata. Boko kuwa aji uku na yi, na ukun ma rabinsa a kan tsamiyar bayan makaranta na yi shi. Abin da aka san ni da shi shi ne makunnin ɓoye, wani ɗan maɓalli da nake binnewa a cikin mota, wanda in ba ka taɓa shi ba, ko da makullin gaske ka zo motar ba za ta tashi ba. Daga Zango har Katsina ana kawo mini motocin haya saboda shi.

Autata mace ce, ita ta yi karatun da na guje wa. Tana Abuja a wani ƙaramin kamfani, su biyar ne kacal, suna rubuta abin da take kira manhaja, wato umarnin da ake ɗura wa na'ura ta bi. Duk lokacin da ta yi mini bayanin aikinta sai in yi ta gyaɗa kai ina "to, to," in an tambaye ni a majalisa kuma in ce kwamfuta take bugawa.

Wata Juma'a bayan an gama yankan gero sai ga ta da wata farar mota, ita ke tuƙawa. Ta fito, ta rufe ƙofa, ta taho ta durƙusa ta gaishe mu, ni kuma idona yana kan hannunta, don ban ga makulli ba. Bayan ta ci tuwo ta huta, ta same ni a zaure ta zauna a gefen tabarma.

"Baba, aiki na kawo maka."

"Na ajiye aiki, Injiniya. Idona ba ya bambance jar waya da ruwan ƙasa."

"Wannan ba gyara ba ne. So nake ka sace motar can."

Na dube ta da kyau, ko rana ce ta buge ta a hanya. Sai ta yi mini bayani, a hankali, kamar yadda ake yi wa irina. Motar ba ta da makullin ƙarfe. Akwai wani ɗan akwati da suka sa a cikinta, yana magana da wayar hannu. Wayar mai mota ita ce makulli. Shekara biyu suka yi suna rubuta manhajar da ke tsaron akwatin, kuma ita ce shugabar wannan ɓangare. Ranar Alhamis mai zuwa wani babban kamfanin motocin haya zai kawo gwanayen kutse, masu shiga na'urar mutane ba da izini ba, su gwada fasa shi. In suka kasa, za a ba su Auta aikin sa akwatin a motocin kamfanin. In suka shiga, za a ba wasu, su biyar ɗin kuma kowa ya kama gabansa.

"Mu mun gwada duk hanyar da muka sani," ta ce. "Amma mu muka gina shi, inda muka saba dubawa nan muke dubawa. Kai kuwa Inna ta ce tun kana saurayi ba a taɓa kulle abu ka bar shi ya huta ba."

"Uwarki ta faɗi haka?"

"Ta ce har akwatin lefenta ka buɗe da cokali."

"Ita ta ɓatar da makullin."

Ta ba ni kwana uku, Asabar zuwa Litinin. Na ce mata kwana ɗaya ma ya yi yawa.

Ranar Asabar na fito da tsohuwar jakar kayan aikina, na karkaɗe ta. Na lanƙwasa wata waya na zura ta gefen gilashi, cikin ɗan lokaci na ɗaga sakatar ƙofa. Ina murmushi ina shirin shiga sai na ji muryarta daga cikin gida: "Baba, ƙofar direba ce ka buɗe ko?" Motar ta kai ƙarata. Na shiga dai, na kwanta ƙarƙashin sitiyari yadda na saba, na nemo wayoyin da nake haɗawa mota ta tashi tun kafin a haifi yarinyar nan. Na haɗa. Fitilu suka kama, inji ya yi shiru kamar ba da shi ake ba. Na sake, na juya, na yi addu'a. Da zan fito bayana ya riƙe, sai da mai ɗakina ta zo ta ja ni ta ƙafa, tana dariya har da hawaye.

"Malam, in kira maka wani mai wayarin ne?"

Ranar Lahadi na nemi shawarar aminina, wani Ibo mai sayar da kayan gyaran mota, wanda shagonsa ke jikin rumfata tun muna da baƙin gashi. Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Bayan ya dawo daga coci ya zo ya zagaya motar sau biyu, hannu a baya, ya ce a cire batir, duk abin da ke da wayo a mota batir ne ubansa. Muka cire. Auta ta leƙo ta taga ta ce akwatin yana da nasa batirin, kuma ya gaya mata an cire na motar. Muka nemi akwatin mu tumɓuke shi. Da muka same shi ta ce mu cire mana, in aka cire injin ba zai ƙara sauraron kowa ba. Aminina ya goge hannu ya ce, "Oga, 'yarka ta fi ka. Ka yi haƙuri, nawa ma sun fi ni."

Raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye ba. Amma da na ga yadda take cin abinci da yamma, tana tsokanar uwarta, fuskarta a sake, sai na ji faɗuwar tawa ta yi mini daɗi.

Ranar Litinin na riga na sallama. Auta ta hau babur ta tafi zagayen gaida gwaggwanninta, ta bar mini motar a ƙofar gida, wai ko zan sake gwadawa. Ni kuwa abin da ya rage mini shi ne in samu abin faɗa a majalisa. Na san tun ranar da ta zo ta sa wa uwarta makulli a waya, don girmamawa, ko da yake mai ɗakina ko keke ba ta taɓa tuƙawa ba. Na ji tana nuna mata wani ɗan hoto na hannu yana miƙa makulli, tana cewa, "Inna, in Yaya ya zo kina son ya kai ki unguwa, nan za ki danna, ki sa lambarsa, kin ara masa ke nan."

Na ce wa mai ɗakina, "Ara mini makullin nan naki."

"Wanda ka kasa sacewa?"

"Ara mini dai, in nuna wa mutane."

Ta miƙo wayar. Rubutu yana ba ni wuya amma lamba ina karantawa. Na danna hoton, na sa lambata, wayata ta yi ƙara, ga makulli ya shigo. Na sa hula na tafi majalisa a ƙafa.

Majalisarmu gindin wata bishiyar darbejiya ce kusa da mai shayi. Na zauna na ciro waya na ce yau makullin mota sukutum ke cikin aljihuna, kuma ba ya ƙara. Aminina ya ce ƙarya ne, in ara masa ya gani. To, a garinmu ba a cewa a'a ga irin wannan. Tsani, galma, babur, tabarmar zaman makoki, duk abin da ka ara, in maƙwabci ya same shi a hannunka ya ce ba ni in yi abu kaza, miƙa masa za ka yi, ba ka komawa wurin mai shi neman izini. Akwai amalanken da ya fita daga gidana ya zaga gida shida kafin ya dawo, kuma ba wanda ya ga laifin kowa. Don haka ban yi wani tunani ba. Na duba wayata, ga hoton hannun nan, na danna, na sa lambarsa.

Wayarsa ta yi ƙara.

Mai shayi ya ce shi fa? Aminina ya ara masa. Mai shayi ya ara wa tela, tela ya ara wa wani direba mai ritaya, direban ya ara wa surukinsa. Ana ta dariya, kowa yana ɗaga waya yana cewa ya yi mota. Kafin a kira azahar makullin ya shiga waya tara. Na ƙarshe wani mahauci ne da ya tsaya shan shayi, wanda rabonsa da ganin Auta tun tana goye, wayarsa duk ta tsage an ɗaure ta da roba.

Ina kallon wayar nan tasa sai wani abu ya faɗo mini. Na ce, "Sarkin fawa, tashi mu je."

Muka tafi mu uku, ni da shi da aminina. Na shiga gida na ajiye wayata a kan tabarma, aminina ya bar tasa a shago. Mahaucin ya matsa kusa da motar, ya danna. Ƙofofi suka buɗe. Na shiga na taɓa maɓallin tayarwa, inji ya tashi lafiya lau, ba gardama. Muka jira mu ji an yi ihu daga wani wuri. Ba abin da ya faru.

Na ja mu sai gonata, can gaba da Zango, inda waya ba ta samun sabis sai an hau tudu. Tun da aka haife ni ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na wannan tafiya ba. Ina tuƙi ina yi wa kaina kirari, mahauci yana amsawa, iska mai sanyi tana fita daga gaban mota. Muka tsaya a bakin gona, muka zauna a kan tarin kara, na sake ba su labarin abin da su ma suna wurin aka yi.

Aminina ne bai yi dariya sosai ba. Ya tsinki kara yana sakace, can ya ce, "Oga, ranar Alhamis ne ko?"

"Ranar Alhamis."

"Yau Litinin."

Na dubi farar motar a tsaye cikin gona, na tuna shekara biyun da ta ce, da lokutan da uwarta ke kiranta ta ce tana ofis ba ta ci abinci ba. Yarinyar nan ta tare ƙofa, ta tare taga, ta tare batir, ga ubanta ya bi ta gindin darbejiya ya rushe mata komai da wayar da aka ɗaure da roba. Daɗin ya fita daga bakina gaba ɗaya. A hanyar dawowa ba wanda ya yi kirari.

Na sauke su a bakin kasuwa, na karɓi aron wayar mahaucin na ƙarasa gida da la'asar. Tana tsaye a ƙofa, hannu a ƙugu, tana dariya.

"Baba, wannan ai ba sata ba ce. Wayata ta nuna mini makullin Inna ne ya buɗe. Aro ka yi. Ka faɗi, ka yarda?"

Ashe duk makullan nan tara da sunan uwarta suke fitowa. Ita da kanta ta miƙo mini ƙaryar, a shirye, ba sai na ƙera ba. Na kalli fuskarta, na ce, "Na faɗi, Injiniya." Ta tafa hannu ta shige gida tana kiran uwarta ta zo ta ji.

A sallar magariba ban san abin da liman ya karanta ba. Da na dawo mai ɗakina ta kawo mini ruwa, ta zauna, ta yi ƙasa da murya.

"Malam, wayata tana cikin kwalla tun safe. Taka kuma a kan tabarma ka bar ta, ni na ɗauke. Da me ka tayar da motar?"

Na gaya mata. Ta ce, "To in kai ba ka faɗa mata ba, wa zai faɗa mata? Baƙi, a gaban mutane?"

"Za ta yi kuka."

"Ta yi a gidan ubanta."

Na tashi na kira Auta waje, sauran hasken yamma bai gama ɓacewa ba. Na ce ta riƙe wayata da ta uwarta a hannunta. Na ciro ta mahaucin daga aljihu na danna. Motar ta buɗe.

"Wayar wa ce wannan?"

"Ta Sarkin fawa."

"Wane ne ya ba shi?"

Na lissafa mata su, ɗaya bayan ɗaya, tun daga kaina. Ina faɗa tana ƙirgawa da yatsu, da yatsun hannu ɗaya suka ƙare sai ta daina. Ta ce, "Wanda aka ara wa yana iya arawa." Ba da ni take ba. Ta zauna a kan dakalin ƙofar gida, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna motsi. Rabona da ganin kukanta tun tana firamare. Ban san abin da ake yi ba, don haka na zauna kusa da ita na yi ta kallon ƙafafuna.

Da ta lafa ta ce, "Mun yi tunanin mutum zai ara wa matarsa, ko direbansa, shi ke nan. Ko sau ɗaya ba wanda ya ce, in shi ma ya ara fa?"

"Ku biyar ɗin nan ba wanda ya taɓa aron galma?"

Ta yi wata dariya mai haɗe da majina. "Kuma ɗazu ka ce mini ka faɗi."

"Tsufa ne. Mantuwa."

Washegari tun da hantsi ta baje kwamfutarta a zaure, ta kira abokan aikinta a waya, suna ta Turanci da sauri. Ni ina gefe ina shan kunu, ina yi kamar ina fahimta. Wajen azahar ta ce sun toshe: wanda aka ara wa ba zai ƙara iya arawa ba, mai mota kaɗai ke bayarwa, kuma duk aron da aka yi da sunan mai karɓa zai fito. Ta danna wani abu ta ce ta kashe makullan majalisa duka tara.

Na ce, "Ta yaya motar ta san kin kashe?"

"Saƙo nake aika mata."

"In tana gonata fa? Can ko gaisuwa ba ta shiga."

Ta ɗago kai a hankali. Na ga alamar za a koma gidan jiya, sai na yi sauri na ci gaba. Na ce ni ban san manhaja ba, amma na san aro. A nan in ka ari babur ɗin mutum da safe, ba sai ya aiko a karɓa ba. Kai ka san kafin magariba ya kamata ya koma, in kana son ka wuce haka sai ka je ka sake roƙo. Aron da kansa yake ƙarewa. Me zai hana a gaya wa motar tun lokacin bayarwa cewa wannan makulli zuwa magariba ne, in lokacin ya yi ta daina saninsa, da sabis ko babu?

"Ba a tsakiyar hanya ba dai," ta ce, tana rubutawa a takarda. "In tana tafiya ta ƙarasa, in an kashe ta ne ba za ta sake tashi ba."

"To kin ga. Ni da sai in bar mutum a daji."

Amma wannan, in ji ta, ba aikin kwana ɗaya ba ne. Sai an taɓa abin da ke cikin akwatin kansa, a gwada, a sake gwadawa. Makonni zai ci. Alhamis kuwa jibi ce. Na ce mata, cikin irin hikimata, ai sai ta yi shiru. Gwanayen nan a Abuja za su yi gwajinsu, inda sabis ya cika ko'ina, ba wanda zai kai mota bayan Zango.

"Baba, motocin haya ne. Mutane za su shiga da 'ya'yansu, su je ƙauyukansu. Zan faɗa musu da bakina."

"In suka fasa ba ku aikin fa?"

"Sai su fasa."

Ta faɗe shi da ƙarfi, amma na ga yadda ta riƙe biro. Ranar Laraba da sassafe ta durƙusa muka yi mata addu'a, ta ja motar ta tafi.

Ranar Alhamis ban je majalisa ba. Na zauna a zaure da waya a kan cinya, ina dubawa ko ta mutu. Aminina ya aiko a tambaya sau biyu. Mai ɗakina ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Aka yi azahar, aka yi la'asar. Ina ta faɗa wa kaina cewa da na bar hulata a rataye ranar Litinin da yanzu yarinya tana cikin kwanciyar hankali, sai kuma in tuna ba haka ba ne, sai in sake komawa farko.

Rana ta yi ƙasa sosai sannan wayar ta yi ƙara. Na danna wurin da ba shi ba, ta katse. Ta sake kira.

Muryarta a dishe take. Ta ce gwanayen sun wuni suna nema ba su shiga ba, kuma abu na uku da suka gwada shi ne aron makulli daga hannu zuwa hannu, suka tarar a toshe. Da suka gama, ta miƙe ta gaya musu maganar wurin da babu sabis, da yadda za a gyara, da tsawon lokacin da zai ɗauka. Shugaban kamfanin motocin hayar ya fita da mutanensa, suka daɗe a waje, ita da abokan aikinta suna zaune ba mai kallon wani.

"Sai me?" na ce. "Auta, kar ki ja mini rai, ni tsoho ne."

"Sun ba mu wata biyu mu gama gyaran. In ya yi, motocinsu duka namu ne. Sun sa hannu, Baba."

Mai ɗakina tana tsaye a kaina tana girgiza mini kafaɗa, me ta ce, me ta ce. Ina jin numfashin yarinyar a cikin waya, tana jira.

Da ƙyar na ce, "Kin ci abinci kuwa?"

"A'a."

"To je ki ci. Ga uwarki."